Lamba Uku a Kan Jini Ɗaya

Safiya ɗaya, ban sa komai a baki ba tun tuwon dare, aka auna min suga ta hanya uku, aka ba ni amsa uku. Na'urar da ke manne a damtsena ta ce 146. 'Yar na'urar da nake huda yatsa in ɗiga mata jini ta ce 139. Takardar ɗakin gwaji kuwa, da ta iso washegari, 7.1 aka rubuta a jikinta. Wanda ke zaune kusa da babban asibiti gobe da safe zai je ya tambaya. Mu da ganin likitan suga ke cin wuni guda da kuɗin mota zuwa da dawowa, sai dai mutum ya yi ta kwana da lambobin a ransa, alhali da su ake ƙara magani, da su ake ragewa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Auyo da Haɗejiya, ina kuma taɓa noman shinkafa kamar kowa a nan. Ciwon suga ya daɗe da ni, irin wanda ke kama mutum da girma. Ina shan metformin safe da dare, da wata ƙwaya guda kafin karin kumallo. Ɗan ƙanwata da ke aiki a Kano ne ya zo da na'urar lokacin kaka, guda biyu, kowace a kwalinta, ana ce mata sensa. Da na tambayi kuɗinta sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, bar wannan maganar." Daga baya na ji, na kuma gane dalilin dariyar. Ba abin da albashin malamin firamare zai riƙa saya duk wata ba ne.

Sanya ta bai ɗauki lokaci ba. Ya goge min bayan damtse da auduga mai sifirit, ya jira wurin ya bushe, ya kifa wani murfin roba ya danna. Na ji ƙas, shi ke nan. Allurar da ke ciki shiga take yi ta fito nan take, ta bar wani siririn zare mai laushi a ƙarƙashin fata, tsawonsa wajen rabin santimita, sai farin faifan roba a waje wanda faɗinsa bai kai bakin kofin shayi ba. Sai an jira awa ɗaya kafin ta fara ba da lamba, daga nan ta yi kwana 14 tana aiki dare da rana. Ana kara waya a kanta lamba ta fito, da 'yar kibiya a gefe mai nuna ko sama suga ya nufa ko ƙasa. Wayata ba ta iya karanta ta, don haka ya bar min tsohuwar tasa, ya kuma ja min kunne kada in wuce awa 8 ban kara ba, domin iyakar abin da irin wannan ke iya riƙewa ke nan, saura ya ɓace. Alwala ba ta shafe ta ba tunda tana sama da gwiwar hannu. Gumi ne matsalarta. Ranar da na shiga gona sai da uwargida ta zagaye gefenta da filasta.

Zai hau mota ya ce, "Kawu, ka huta da huda yatsa." Ban huta ba, kuma duk wanda ya ce za a huta gaba ɗaya bai taɓa kwana da ita a jiki ba.

Fura ce ta fara ɗaure min kai. Na sha ta da azahar, ta sabon gero, da nono mai kyau. Bayan kamar rabin awa na huda yatsa, 212. Na kara waya, 178, kibiya na kallon sama. Na ajiye wayar na yi alwala na yi salla, na dawo na sake karawa, sensa ta kai 205. Da yamma na taka zuwa gona da ƙafa, a hanyar dawowa abin ya juye: yatsa 118, sensa 141, kibiya na kallon ƙasa. Ashe zaren nan da ke ƙarƙashin fata ba ya taɓa jini sam. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama yake aunawa, kuma suga sai ya bi ta jini kafin ya tsiyaya zuwa cikin wannan ruwan. Duk ɗan yankinmu ya san in an saki ruwa daga Tiga ko Challawa kogi ne ke fara cika, fadama sai daga baya, in ruwa ya ja kuma kogin ke fara sauka, fadama tana nan da saura. Jini shi ne kogin, sensa a fadama take zaune. Tazarar takan kai minti 5 zuwa 15. Lokacin da suga ke kwance, kamar da asuba, ba za ka ma lura da ita ba. Bayan cin abinci, ko bayan aikin ƙarfi, ko bayan magani ya fara aiki, nan ne tazarar ke fitowa fili. Ranar farko kuma ba a cika dogara da ita ba, sai fata ta saba da baƙon da aka cusa mata.

Sai daren da ta tayar mana da hankali. A tsakar gida nake kwana kan tabarma lokacin, ɗaki bai daina zafi ba. Na farka wajen ƙarfe uku zan zagaya, na lalubo wayar na kara: 57. Duk mai ciwon suga ya san ƙasa da 70 wurin haɗari ne. Na ta da uwargida. Kafin in rufe baki ta dawo da dabino a hannu ɗaya, kwalbar zuma a ɗaya.

"Malam, sha wannan tukuna, a yi magana daga baya."

Na ce ta haska min tocila. Hannuna ba ya rawa, ba gumi, ba wannan muguwar yunwar da ke zuwa da bugun zuciya, wadda na sani sarai don na taɓa shiga cikinta. Na wanke yatsa na huda, 114. Muka zauna shiru tana riƙe da zumar, ba ta yarda ta mayar ba. Bayan kamar minti ashirin na sake karawa, sensa ta dawo 108 ba tare da na haɗiyi komai ba. A kan wannan damtsen na kwanta, ƙasa kuma ba katifa ba ce. Nauyin jiki ya danne wurin, jini ya rage zagayawa, sai na'urar ta ga kamar suga ne ya faɗi. Sananniyar ɗabi'arta ce. Amma a ji ni da kyau: don ban ji alamar komai ba ne na tsaya huda yatsa. Da jikina na rawa, zumar zan fara sha, in auna daga baya, kuma uwargida ce da ta fi ni gaskiya.

Mu koma kan lambobin nan uku na safiya. Rabin rikicin na ma'auni ne kawai. Wayar da na'urar yatsa suna lissafi da mg/dL, ɗakunan gwaji da yawa a ƙasar nan kuma da mmol/L suke rubutawa. A ninka na biyun sau 18 sai ya koma na farkon. Ke nan 7.1 ɗin nan 128 ne. Na taɓa ganin dattijo a layin asibiti yana murna wai sugansa ya sauko daga 200 zuwa 11, alhali ko motsi bai yi ba, 11 ɗin shi ne 198.

To amma ko bayan an daidaita ma'auni, 128 da 146 ba ɗaya ba ne. Na ɗauka shi ke nan, ɗakin gwaji ai shi ne alƙali, sensa ce ke ƙari. Sai da na je gari da kaina na zauna da wani mai awon jini, mutum mai haƙurin bayani, ya tambaye ni abin da ban zata ba: a ina aka ɗebi jinin, kuma ƙarfe nawa ya iso hannunsu? A asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu aka ɗiba da sassafe. Aka jira na sauran mutane ya taru, ɗan acaɓa ya ɗauko, bai iso ba sai da rana ta take. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, jini a kwalba ba matacce ba ne. Ƙwayoyinsa na nan suna cin sugan da ke ciki." In ba a raba ruwan jinin da ƙwayoyin ba, suga na raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a duk awa, zafi kuma na ƙara masa sauri. Shi ya sa ake zuba jinin awon suga a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da sinadarin da ke tsayar da wannan cin. Ya ce ko ita ɗin ba nan take take kamawa ba, a awa ta farko zuwa ta biyu ana ɗan yin asara. Wato injin ɗakin gwaji bai yi ƙarya ba. Ya faɗi gaskiyar abin da ya rage a kwalbar da rana, ba abin da ke jijiyata da safe ba.

Ranar na zo ban karya ba, don haka muka gwada a gabansa. Yana ɗaure min hannu na kara waya, 149, kibiya a kwance. Ya ɗebi jini ya juya shi a inji nan take. Sakamako 7.8, wato 140. Tazarar 9 kacal. Wannan kuma ba abin damuwa ba ne, domin babu na'urar da ke bugun daidai-wa-daida. Ƙa'idar duniya ta 2013 da ake auna na'urorin yatsa da ita ta amince a kauce da kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa idan suga ya kai 100, kuma su sensa na zamani matsakaicin kaucewarsu daga awon ɗakin gwaji yana wajen kashi 9 zuwa 10. In jininka 140 ne, ganin 128 ko 152 a waya ba lalacewa ba ce. Mutanenmu mun saba da mudu, in an ce cike to cike ne, shi ya sa wannan ke mana wuyar haɗiya.

Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Babban saɓanin sai da kwana 14 suka cika ya bayyana.

Wayar ta tattara komai ta ba da rahoto. Matsakaicin sugana 176. Lokacin da na yi tsakanin 70 da 180, inda ake so mutum ya zauna, kashi 58 cikin 100 ne, alhali abin da ake nema ya haura kashi 70. Sai wata lamba a ƙasa da aka rubuta wa GMI, 7.5%. Wannan hasashe ne na abin da gwajin wata uku, wato HbA1c, zai nuna. A satin na yi gwajin wata ukun a ɗakin gwaji, aka ba ni 6.6%. Ga mai ciwon suga, ƙasa da 7 shi ne buri. Gida aka yi ta barka. Wani abokin aikina har cewa ya yi in nemi a rage min ƙwaya, in jefar da wannan abin na Turawa da ke tsorata ni a banza. Ba na ganin laifinsa. Takarda mai hatimi ce, kuma ta faɗi abin da kowa ke son ji. Amma 6.6 na nufin matsakaicin suga wajen 143, ni kuwa na ga 176 da idona, na kuma sha tabbatar da shi da yatsa.

Na kwashi takardun da wayar na tafi Dutse. Likitar ta daɗe tana jan hoton rahoton da yatsa kafin ta ɗago.

"Malam, ka san rukunin jininka? Ba A ko O ba, wanda ake dubawa kafin aure."

Na ce AS ne.

"Ka yi zazzaɓi kwanan nan?"

Na ce wane ne bai yi ba a wannan daminar? A watan Satumba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni sosai, har aka ce jinina ya yi ƙasa.

Ta ajiye biro ta yi min bayani dalla-dalla. Gwajin wata uku ba suga yake ƙirgawa kai tsaye ba. Yana duba yawan sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne. Ƙwayar tana rayuwa kimanin kwana 120, kullum suga na ƙara manne mata, don haka tsohuwa ta fi sabuwa ɗaukar kaya. Duk lissafin ya ginu a kan cewa ƙwayoyin kowa na kai wannan shekarun. Zazzaɓin cizon sauro kuwa fasa su yake yi, jiki ya ƙera sababbi, sai jinin ya cika da ƙwayoyin da ba su daɗe cikin suga ba. Sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Haka yake ga wanda ya zubar da jini, ko aka yi wa ƙari, ko mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, ko mace mai ciki. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuma, wanda ya yi yawa a matanmu, akasin haka yake yi, yakan ɗaga lambar sama da gaskiya. Batun AS ta ce da sauƙi-sauƙi za a ɗauke shi: wasu injinan ba ruwansu, wasu kuma jinin S ko C na rikita su, don haka hakkin mai AS ne ya faɗa kafin a ɗebi jini, ya kuma tambaya ko injin wurin ya dace da shi. Na yi ta tunanin wannan a mota. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ke ɗauke da AS, kuma zazzaɓi ke zagaya gida-gida duk damina, mutum nawa ne ke yawo da takarda mai daɗin karantawa a aljihu, suga na ci masa ido da ƙoda a ɓoye?

Ba ta bar sensa ta tafi da tuta ba. Ta ce ita ma GMI ɗin ba awo ba ne, lissafi ne: a ɗauki matsakaicin suga a ninka da 0.02392 a ƙara 3.31. Masana ne suka fitar da shi a 2018, suka kuma sauya masa suna daga "hasashen A1c" don mutane su daina ɗauka abu ɗaya ne. A bayanan da suka yi aiki da su, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu lambobinsu biyu sun saɓa da rabin maki ko fiye, ba tare da wani zazzaɓi ba. Jikin wani yana saurin manna suga ga ƙwayar jini, na wani yana jinkiri. Ga shi kuma sati biyu kawai sensa ta gani, sati biyun kaka, lokacin sabuwar fura da ɗanyar gyaɗa da bukukuwa. Gwajin ɗakin gwaji na waiwayen wata biyu zuwa uku, ko da yake watan ƙarshe ya fi nauyi a ciki. Akwai wani gwajin, furuktosamin, da ke duba sati biyu zuwa uku kuma bai dogara da jajayen ƙwayoyi ba, sai dai ba ko'ina ake yin sa ba.

Na ce, "To Likita, wanne zan bi?"

Ta ce a halin da nake ciki, da zazzaɓi a baya-bayan nan, ba za ta rage ƙwaya ko ɗaya a kan 6.6 ba. Za ta yi aiki da abin da sensa da yatsa suka haɗu a kai, in sake gwajin wata uku bayan jinina ya murmure.

Sannan ta juya ga abin da, a ganina, shi ne ainihin amfanin na'urar, wanda takardar ɗakin gwaji ba za ta taɓa nunawa ba ko da ta yi daidai: zanen hawa da saukar suga awa bayan awa. Tudu biyu ne a kowace rana tawa. Na farko tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe, koko da ƙosai, yana kai 260. Na daina zuba sukari a kokon tun shekarun baya, ina ganin na gama da shi, ashe gasarar kanta ta isa. Ranakun da na karya da alale ko ƙwai da shayi ba sukari, tudun bai kai rabin haka ba. Na biyu tuwon shinkafa na dare, wanda ba ya hawa da sauri amma ya ƙi sauka har tsakar dare, don ina ci ina kwanciya. Daren da aka yi dambu da zogale mai yawa, ko na taka zuwa masallacin bakin kasuwa don isha maimakon na ƙofar gida, layin ya fi kwanciya. Shekara da shekaru ina auna suga da asuba kaɗai, lokacin da ya fi kowane lokaci ladabi, ina kai wa likitoci lambobi masu kyau da zuciya ɗaya. Ta ce in rage kokon zuwa rabin kofi in ƙara ƙosai ko wake, in matso da tuwon dare kusa da magariba, in kuma riƙa huda yatsa wani lokaci awa biyu bayan cin abinci, ba da asuba kullum ba.

Da labari ya bazu a ƙauye, masu neman aro suka fara sallama. Wani maƙwabcina da ke yawan fitsarin dare ya ce in manna masa ta kwana biyu ya gani ko yana da ciwon. Na ce ba a cire ta a mayar, kuma ko sabuwa ce ba da ita ake tabbatar da ciwon suga ba. Wannan aikin ɗakin gwaji ne: 7.0 ko sama, wato 126, ga wanda ya kwana bai ci ba, ko 6.5% a gwajin wata uku, kuma galibi sai an maimaita. Na dai ba shi shawara ya je da ƙafarsa inda injin yake, kada ya aika jininsa a bayan babur. Akwai kuma abin da likitar ta ce in isar wa duk mai niyyar saya: a karanta takardar cikin kwali a kan magunguna. Wasu nau'in suna ƙara lamba idan mutum na shan bitamin C mai yawa, kuma kamfanin Dexcom da kansa ya yi gargaɗi cewa hydroxyurea, maganin da masu sikila da yawa ke sha, yana sa na'urarsu ta nuna sama da gaskiya. Mai yin allurar insulin da ya bi irin wannan lambar zai iya yi wa kansa illa.

Bayan sanyi ya wuce na sake gwajin wata uku, wannan karon na faɗa musu ni AS ne tun kafin a ɗaure min hannu. Ya fito 7.2%, duk da na gyara cin abinci kuma lambobin yatsana sun fi na kaka kyau. Abokin aikin nawa ya ce to ai ciwon ƙaruwa ya yi. Likita ta ce a'a, jinin ne ya koma daidai, gwajin ya fara faɗin gaskiya.

Sensa ta biyu ban taɓa ta ba. Na duba ranar lalacewarta, za ta kai azumi, kuma mun yi shawara da likita a nan za a sa ta, satin farko da na biyu, don a ga abin da kunun buɗa-baki da sahur ke yi, da kuma yadda la'asar ke kasancewa da ƙwayar safe da za a mayar lokacin shan ruwa. Ta rubuta min sharaɗi a bayan kati: in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a karya azumin. Na tambaye ta, 70 na waya ko na yatsa? Ta ce in waya ta nuna kuma jiki ya ba da alama, kada in tsaya neman shaida. In jiki lafiya lau, in huda yatsa tukuna. Don haka na aika Haɗejiya a sayo min ƙarin tsinken gwaji tun kafin kuɗinsa ya tashi.